Ɗanlamin da takardarsa ta ce Asabar: yadda ake gano ainihin ranar haihuwa

Da lokacin ajiye aikin wani kawuna da ke Tudun Wada ya matso, sai ya kwaso takardunsa a tsohuwar jaka ya kawo mini in duba masa ko akwai inda suka saɓa wa juna. Ba su saɓa ba. Daga ta firamare har katin ɗan ƙasa bakinsu ɗaya: 1 ga Janairu, 1966. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan tun yana goye ake ce masa Ɗanlami, laƙabin wanda aka haifa ranar Alhamis. Na ɗauki biro na yi ɗan lissafi a bayan ambulan, sai ga 1 ga Janairun 1966 ta faɗo Asabar.

Na ce, "Kawu, ko dai takardar nan ta yi muku ƙarya, ko kuwa ku Ɗan'asabe ne aka sauya muku suna."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce, "Ai malamin da ya rubuta mu a rajista, duk ajinmu shi ya haife mu, kuma rana ɗaya ya haife mu."

Irin Kawu ba su ƙidayuwa a Zariya. Iyayenmu ba su riƙe lambar shekara ba, amma sun riƙe abubuwa huɗu da suka fi lamba wuyar ƙaryatawa: ranar mako, watan sama, yanayin gari, da abin da ya faru a lokacin. Wanda ya iya haɗa waɗannan zai iya fito da kwanan wata na gaskiya, sau da yawa ba kuskuren ko kwana ɗaya. Abin da ake buƙata takarda ce da biro, da tsohuwa mai tuna baya. Akwai manhajojin waya masu juya kwanan wata, amma in ba ka san yadda lissafin ke tafiya ba, ba za ka gane ranar da suka ɓatar da kai ba.

Da farko, je ka gaida tsofaffi

Kada ka tambayi tsohuwa "wace shekara aka haife ni?" Za ta ce maka "ai an daɗe." Tambaye ta wace rana ce, wane wata ne, ana ruwa ko ana ɗari, an yi girbi ko ba a yi ba, wane ne sarki, me ake zance a gari. Ka tambayi ranar suna, domin suna yana faɗowa ne a irin ranar da aka haihu, mako na zagayowa, kuma mata sun fi riƙe ranar taro.

Laƙabi shaida ce mai ƙarfi: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Altine na Litinin, Talatu ta Talata, Balarabe da Balaraba na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai na Juma'a, Ɗan'asabe da Asabe na Asabar. Sai dai ka tabbatar ba sunan wani aka mayar wa mutum har da laƙabin ba. Watanni ma tsofaffi da nasu sunayen suke kiransu. In ta ce watan cika-ciki, Muharram take nufi. Azumin tsofaffi Rajab ne, sha-ruwan tsofaffi Sha'aban.

Shekara kuwa daga abin da ya faru ake kamo ta. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne. Mulkin kai 1960. Kisan Sardauna 15 ga Janairu, 1966. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawar tuƙin mota hannun dama 1972, barin fam da sule a koma naira da kwabo 1973, kisan Murtala 13 ga Fabrairu, 1976. A nan gida, Sarkin Zazzau Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, sannan Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ma alama ce ga mutanen Samaru da kewaye.

In gidan malamai ne, a duba bangon Alƙur'ani da tsofaffin littattafai. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwar 'ya'yansu a nan, da rana da wata da shekarar Hijira. Wannan ta fi kowace takardar rantsuwar kotu.

A kan Kawu, Innarmu ta cikin birni, wato yayarsu, ta ce mini: "Alhamis ce da hantsi, cikin goman ƙarshe na azumi, gari na ta jimamin Sardauna. Sunan ma sai bayan sallah aka yi." Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, san wace shekara ce mai ƙarin kwana

Duk lissafin da zai biyo baya kan wannan ya dogara, kuma nan mutane suka fi zamewa. Shekarar Miladiyya kwana 365 ce, amma wani lokaci takan zama 366, Fabrairu ya kai 29. Malaman hisabi suna kiran irin wannan shekara kabisa, wadda ba ta da ƙari kuma basiɗa. Gane ta tambaya uku ce.

Shekarar tana rabuwa da 4 ba ragowa? In ba ta rabuwa, basiɗa ce, magana ta ƙare. Lambobi biyu na ƙarshe kawai za ka duba: 1966, 66 ba ta rabuwa da 4, don haka basiɗa ce. 1960, 1976, 1980 da 2024 duk kabisa ne, mai zuwa bayan 2024 kuma 2028.

In tana rabuwa da 4, ta ƙare da sifili biyu? In ba ta ƙare da su ba, kabisa ce.

In ta ƙare da sifili biyu, sai ta rabu da 400 kafin ta zama kabisa. 2000 kabisa ce. 1900 ba kabisa ba ce, 2100 ma ba za ta zama ba.

Dalilin wannan kwana-kwana shi ne duniya ba ta gama kewaya rana a cikakkun kwanaki. Tana ɗaukar kwana 365 da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙoƙi. Da za a riƙa watsar da wannan ɓurɓushin, da cikin shekara ɗari kalanda ta goce da kusan kwana 24, a hankali har a wayi gari ana zuba ruwan Agusta a watan da aka san shi da hazo.

Yuliyas Kaisar na Roma ne ya tsayar da doka a kai, da shawarar wani masanin taurari daga Iskandariyya ta Masar. Kalandar Romawa ta riga ta ruɗe a lokacin, har sai da ya cusa wa shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa kwanaki ta kai 445 kafin a dawo kan hanya. Daga nan ya ce duk shekara huɗu a ƙara kwana ɗaya. Wato ya ɗauki ɓurɓushin awa 6 cur, alhali bai kai ba da kimanin minti 11. Minti 11 kamar ba komai ba, amma duk shekara 128 yakan tara kwana guda. Kafin ƙarni na 16 Coci ta ga lissafin bikin Ista ya goce da kwana 10. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya ba da umarni a tsallake su: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Shi ne kuma ya kawo dokar 100 da 400 ɗin nan, don a riƙa zubar da kwana uku duk shekara 400.

Lura da abu ɗaya, domin zai yi mana amfani: an tsallake kwanan wata, amma ba a taɓa ranakun mako ba. Bayan Alhamis, Juma'a ce ta biyo. Shi ya sa a binciken irin wannan nake yarda da rana fiye da lamba.

Ƙasashen da ba sa bin Paparoma sun ja ƙafa. Ingila sai 1752 ta bi, ta tashi daga 2 ga Satumba zuwa 14. Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halinsu da ake kira na Oktoba ya faɗo cikin Nuwamba a lissafin yau. Girka ta bi a 1923. Suwidin kuwa ta so ta bi a hankali, lissafin ya cakuɗe mata, har ta yi 30 ga Fabrairu a 1712 don ta koma inda ta baro. Mu nan kalandar ta iso mu ne da gyaranta, tare da Turawan mulki, don haka babu kwanakin da suka ɓace mana.

Me ya sa Fabrairu ne ake yi wa ƙarin? Domin a tsohon tsarin Romawa shekara daga Maris take farawa, Fabrairu shi ne wutsiya. Alamar tana nan a sunaye: Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba asalinsu bakwai, takwas, tara da goma ne a Latin, ga su yau suna zaune a na 9 zuwa na 12.

Na uku, nemo turken shekara

Wannan ita ce dabarar da na yi a bayan ambulan. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, shi ya tsara ta. A kowace shekara akwai wasu kwanakin wata da dole su faɗo rana ɗaya. Ni nakan kira ranar turke, domin nan za ka ɗaure ka auna sauran. Kwanakin su ne:

- ranar ƙarshe ta Fabrairu, ko 28 ko 29
- 4 ga Afrilu, 6 ga Yuni, 8 ga Agusta, 10 ga Oktoba, 12 ga Disamba
- 9 ga Mayu da 5 ga Satumba, 11 ga Yuli da 7 ga Nuwamba
- 14 ga Maris
- 3 ga Janairu a basiɗa, 4 ga Janairu a kabisa

Sai ka ba ranaku lamba. Bahaushe ba ya buƙatar haddace wannan, domin sunayen da kansu ƙidaya ce ta Larabci: Lahadi 1, Litinin 2, Talata 3, Laraba 4, Alhamis 5. Ƙara Juma'a 6, Asabar kuma sifili.

Yanzu ga aikin. Ɗauki lambobi biyu na ƙarshen shekara. Raba su da 4, ka watsar da ragowa, ka tara abin da ka samu da lambobin farko. Ƙara lambar ƙarni: 4 ga shekarun 1900 zuwa 1999, 3 ga 2000 zuwa 2099, 6 ga 1800 zuwa 1899. Raba jimlar da 7. Ragowar ita ce turke.

Mu gwada da ranar da kowa ya sani. 1960: 60 a raba da 4, 15. 60 da 15, 75. A ƙara 4, 79. A cikin 79 akwai bakwai sau 11, wato 77, saura 2. Turken 1960 Litinin ne. Ke nan 10 ga Oktoba Litinin, 3 ga Oktoba ma Litinin, a ja baya kwana biyu, 1 ga Oktoba Asabar. Ranar Asabar kuwa aka karɓi mulkin kai.

Na Kawu: 66 a raba da 4, 16, a bar ragowar. 66 da 16 da 4, 86. A cire 84, saura 2, Litinin kuma. 1966 basiɗa ce, don haka 3 ga Janairu Litinin, 1 ga wata Asabar. Nan takardar ta tonu. Alhamis ɗin watan kuwa su ne 6, 13, 20 da 27.

Kafin ka wuce, gwada hannunka da ranar da aka kashe Murtala. In ba ka sami Juma'a ba, to ka manta 1976 kabisa ce, ƙarshen Fabrairunta 29 ne.

Akwai gajeriyar hanya in kana da rana ɗaya a hannu. Kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, don haka kowace shekara kwanan wata yakan matsa gaba da rana ɗaya. In 29 ga Fabrairu ta shiga tsakani, sai ya tsallake biyu. 1 ga Oktoba ta faɗo Lahadi a 2023, a 2024 sai ga ta Talata. Kuma tsakanin 1901 da 2099 kalanda tana maimaita kanta duk shekara 28. Wanda ya adana kalandar bango ta 1998 zai iya rataya ta a 2026.

Na huɗu, juya Hijira zuwa Miladiyya

Kalandar Musulunci da wata take tafiya, ba ruwanta da rana. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya tsayar da ƙidayar shekarunta daga shekarar Hijira, wadda ta yi daidai da 622. Wata yana ɗaukar kwana 29 da rabi da ɗan ɗoriya, don haka shekara kwana 354 ce, wani lokaci 355. Wasu al'ummai masu bin wata, kamar Yahudawa da Sinawa, sukan cusa wata na 13 jefi-jefi don su kamo rana. Musulunci bai bar wannan ƙofa ba. Suratut Tauba ta ce watanni goma sha biyu ne a aya ta 36, aya ta 37 kuma ta yi hani da jinkirta watanni irin na jahiliyya. Sakamakon haka shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, watanni na zagaya yanayi, su dawo inda suka fara bayan kimanin shekara 33.

Wannan zagayen kansa shaida ne. In an ce an haife ka a azumin da aka yi cikin sanyin Disamba da Janairu, to ko tsakiyar shekarun 1960 ne ko ƙarshen na 1990. Azumin tsakiyar damina, na Agusta, ya faɗo wajen 1977 da 1978, ya sake dawowa 2010 da 2011. Na zafin Afrilu an yi shi 1989, an maimaita 2022. A 1997 an ga farkon Ramadan sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba, kuma lissafi ya nuna haka za a yi a 2030.

Don samun shekara kawai, ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1232. 1232 sau 0.97 ya ba da 1195, a ƙara 622, 1817. Daidai. In daga Miladiyya za ka koma, cire 622, ka raba abin da ya rage da 32, ka tara su. 1966 ban da 622, 1344. A raba da 32, 42. Jimla 1386. Amma hattara, kowace shekarar Miladiyya tana taɓa aƙalla shekarun Hijira biyu. 1386 sai a Afrilun 1966 ta kama, don haka Janairu yana cikin 1385.

Don samun kwanan wata kuwa, sai ka san ranar da shekarar ta fara. Ga 1 ga Muharram na wasu shekaru bisa hisabi:

- 1380: 26 ga Yuni, 1960
- 1390: 9 ga Maris, 1970
- 1400: 21 ga Nuwamba, 1979
- 1410: 4 ga Agusta, 1989
- 1420: 17 ga Afrilu, 1999
- 1430: 29 ga Disamba, 2008
- 1440: 12 ga Satumba, 2018

Shekarar da ke tsakani, ka matsa gaba shekara-shekara kana ja da baya kwana 11. 1385 tana gaban 1380 da biyar, biyar sau 11 kwana 55 ne. Daga 26 ga Yuni a ja baya 55, an sauka 2 ga Mayu, 1965.

Daga nan ka ƙirga watanni, ɗaya 30 ɗaya 29, Muharram 30, Safar 29, haka har ƙarshe. Kafin Rajab kwana 177 ne, kafin Ramadan 236, kafin Shawwal 266, kafin Zulhajji 325. A ɗora 236 a kan 2 ga Mayu, 1965, za a sauka 24 ga Disamba. Nan azumin 1385 ya kama. Goman ƙarshe ke nan daga 13 zuwa 22 ga Janairu, 1966, sallah kuma wajen 23 ga wata.

Alhamis biyu ne a cikin goman nan, 13 da 20. Ta 13 ta riga kisan Sardauna da kwana biyu, kuma da ita ce, da an yi suna ran 20, ana cikin azumi. Inna ta ce ana jimami, ta ce suna bayan sallah. Ba sauran gardama: Alhamis, 20 ga Janairu, 1966.

Abin da za ka sa a rai shi ne wannan hisabi ne, ba ganin wata ba. Hisabi yana da nasa kabisar, shekara 11 cikin kowace 30, inda Zulhajji ke cika 30. Amma mu a ƙasar nan sai an ga jinjirin wata Sarkin Musulmi ya sanar, kuma a da, kafin rediyo ta yawaita, gari da gari ma sukan saɓa. Saboda haka amsarka na iya gocewa da kwana ɗaya ko biyu. Ranar mako ce alƙali. In hisabi ya ba ka Laraba, tsohuwa ta ce Alhamis, matsa zuwa Alhamis mafi kusa.

Tarkon "daren Juma'a"

A ce ka buɗe littafin mahaifinka ka ga ya rubuta: daren Juma'a, 15 ga Rajab, 1400. Kwana 177 kafin Rajab, a ƙara 14, 191. Daga 21 ga Nuwamba, 1979: ragowar Nuwamba 9, Disamba 31 ya zama 40, Janairu 71, Fabrairu 29 domin 1980 kabisa ce, ya zama 100 cif, Maris 131, Afrilu 161, saura 30. An sauka 30 ga Mayu, 1980. A duba da turke: 80 da 20 da 4, 104, a cire 98, saura 6, Juma'a. 9 ga Mayu Juma'a ce, haka 16, 23 da 30. Ya yi daidai.

Sai dai kada ka yi saurin rubuta 30. A wurinmu dare ne ke gaba da yini, sabuwar rana daga magariba take kamawa. Daren Juma'a shi ne daren da Bature zai kira na Alhamis. In bayan isha'i aka haife ka, a takardar asibiti 29 ga Mayu ce. Sai in an wuce sha biyun dare ne ta zama 30. Tambayi ko an yi barci, ko an kusa kiran assalatu.

Shekarunka nawa, a wace kalanda?

Shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Miladiyya. Mai shekara 60 a takarda ya kusa 62 a lissafin wata. Shi ya sa dattijo zai ce maka ya yi saba'in, ka duba katinsa ka ga 68, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Gwamnati da Miladiyya take ƙirga shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki. Zakka kuwa shekarar wata take bi. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ɗaure fitar da zakkarsa a kan ƙarshen Disamba yana jinkirta ta da kwana 11 duk shekara, cikin shekara 33 ya haɗiye ta shekara guda bai sani ba. Mafi sauƙi ya tsayar da wata ɗaya na Musulunci ya riƙe. Haka in za a rubuta yarjejeniyar haya ko bashi, a faɗi wace shekara ake nufi, a rubuta kwanan watan duka biyu.

Wanda aka haifa 29 ga Fabrairu shekarunsa na tafiya kamar na kowa, ranar ce kawai ba ta leƙowa sai bayan huɗu. Wani tsohon firaministan Indiya, Morarji Desai, an haife shi 29 ga Fabrairu, 1896, bai sake ganin ranar ba sai 1904, saboda 1900 ba kabisa ba ce.

Sauran wuraren da ake tuntuɓe

Kwamfuta ba ma'asumiya ba ce. Manhajar Excel har yau tana karɓar 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Wasu fom-fom na intanet kuma tsarin Amurka suke bi, wata kafin rana, sai 03/04 ɗinka ta 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Inda aka ba ka dama, rubuta sunan watan da haruffa.

In kana bin tsofaffin littattafan hisabi irin waɗanda suka zo daga Magrib, wato ƙasashen Arewacin Afirka, za ka ci karo da watannin Ajam, masu sunaye kama da na boko. Tsohuwar kalandar Kaisar ce, ba gyaran Giregori a cikinta. Ƙara mata kwana 12 in kwanan watan na ƙarni na 19 ne, 13 in daga Maris ɗin 1900 zuwa yau ne. Habasha ma irin wannan tsohon tsari take bi har gobe, da wata goma sha biyu masu kwana 30 da ɗan ƙaramin na 13 mai kwana 5 ko 6, shekararsu kuma tana bayan tamu da bakwai zuwa takwas.

In kuwa tsohon manomi ne mai ba ka labari, yana iya faɗa maka sunan tauraron da aka haife ka a cikinsa. Wannan lissafi na uku ne, taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha da ake ba 14 don a cika 365. Da rana yake tafiya, don haka ba ya zagaya yanayi kamar watan sama. Ba zai ba ka shekara ba, amma zai matse maka lokaci zuwa mako biyu, ka haɗa da ranar mako ka rage zaɓi zuwa rana ɗaya ko biyu.

Da na kai wa Kawu amsarsa, sai ya ƙirga da yatsu ya ce, "Ashe ina bin gwamnati kwana 19." Na roƙe shi kada ya taɓa takardun. Mutumin da katinsa da bankinsa da fayil ɗinsa na ofis suka yi baki ɗaya, in ya je gyaran kwana 19 a bakin fansho, zai iya shafe watanni yana yawon rantsuwa. Ya yarda. Amma ya aiki jikansa ya ɗauko masa Alƙur'aninsa, ya buɗe bangon baya inda sunayen 'ya'yansa suke, ya rubuta nasa a samansu: Alhamis da hantsi, 28 ga Ramadan, 1385.